Tafin Hannun Baba a Bangon Tudu da Teku

Hawariya, ƙarshen watan Yuni.

Zuwa ga ƙanena Lutfi,

Assalamu alaikum, ɗan'uwana. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Wasila da yara, Ya ƙara muku rufin asiri a can Kanada. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Maigidana Si Fathi yana can yana fama da gonar gyaɗa, rijiya ba ta ba mu kunya ba bana, iskar garin nan tamu kuwa tana nan yadda ka bar ta, ba ta barin mace ta shanya kaya cikin mutunci. 'Yarka Ulfa ta gama jarrabawa, ta ce in faɗa maka ba ta manta da alkawarin da ka yi mata ba, ko da kai ka manta. Baba kuma da sauƙi sosai. Yana cin abinci, yana zagin likita, yana gyara wa mai karanta labarai a rediyo nahawu, ka ga kuwa ai lafiya ta samu.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya kamar kowa. To idan na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana sai ka ce kana kan hanya ko ana jiranka. Ban da haka akwai abin da ke cikin ambulan ɗin nan wanda waya ba ta iya ɗauka. Kada ka kwance ɗan ƙullin nan sai ka kai ƙarshen takarda, na san halinka. Ga kuma fitowar mujallarmu Tudu da Teku ta cikar shekara hamsin na haɗo maka. Kafin ka kira ni ka ce wane irin shashanci ne wannan, a ce za a karrama Baba amma a buga hoton da ba fuskarsa, ba tsuntsu, sai tafin hannu da sararin sama, zauna ka ji. Saura kaɗan bangon nan ya fito fari fat ba Baba a kai, kuma ni 'yarsa ce na kusa yi masa haka a idon garin nan kaf. Ka tafi kana saurayi, lokacin ba abin da ka tsana kamar warin tawada da naɗe mujallu, don haka rabin tarihin ba ka sani ba. Ina so ka sani, ka kuma karanta wa Iyad da Sirin.

Tudu da Teku ba a ofis aka haife ta ba, a gidan shayin bakin kasuwa ne, kuma gardama ce ta haife ta. A lokacin masu farauta da shaho suna zama a teburan hagu, masunta a na dama, kowane ɓangare yana shara ƙaryarsa da ƙarfi don ɗayan ya ji. Baba bai daɗe da dawowa daga Tunis ba, inda ya koyi jera haruffa a wata maɗaba'a. Wata rana ya ce wa abokinsa Rayis Hamda, shugaban masunta, kifin da yake ba da labari kullum ƙara tsawo yake yi, ran Juma'a kamu biyu ne, kafin Litinin ya fi jirgin da ya kamo shi. Rayis ya ce ai gara shi, ko ba komai kifinsa ana jin ƙarninsa, su kuwa masu shaho salwarsu duk a baki take tashi. Nan Baba ya ce to a riƙa rubutawa, a gani ko kifin zai iya girma a kan takarda. Fitowar farko 'yan shafuka ne da suka murza a injin kwafin wani malamin makaranta, shuɗiyar tawada tana bin yatsu. Ummi ce ta ɗinke su da zare da allura, Rayis ya zuba su cikin akwatin kifin sadin ya kai tashar jiragen Kelibiya. An ce duk wanda ya sayi ta farko sai da kyanwarsa ta bi shi har ɗaki.

Rikicin farko kuwa a kan bango aka yi shi. Baba ya ce farauta ce a gaba, don ita ce sana'ar masu tsayawa da ƙafafunsu. Rayis ya ce shi ba a haife shi don ya zauna a bayan tsuntsu ba. Suka daina gaisawa, har Ummi ta gaji, ta ɗauki takardun ta juya rabinsu kai ƙasa, ta ce ga shi nan, kowa ya samu gabansa, su bar ta ta ji da abin da ke kan wuta. Shi ya sa har yau mujallarmu ba ta da baya, ka buɗe ta nan Tudu ne, ka kifa ta ka juya Teku ce. Shafin tsakiya inda suka yi karo kuwa Ummi ta ƙwace shi, ta ce ai duk abin da suka kamo a tukunyarta yake ƙarewa. Shekara da shekaru tana faɗa ana rubutawa, kuskus da kifi, salwa a ganyen inabi, miyar kan kifi mai yaji. Har yau matan Kelibiya idan suka gan ni sai su ce ga 'yar mai shafin tsakiya. Allah Ya jiƙan ta. Tun da ta rasu ban ba kowa shafin ba, nata nake maimaitawa, kuma ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Amma abin da ya ɗaga sunan mujallar nan, har ake nemanta daga Binzart zuwa Jarba, dokokinta ne. A ɓangaren Teku Rayis ya kafa sikeli a ƙofar ofis, ya ce kifin da bai hau sikelin nan ba, ba zai hau shafi ba. A ɓangaren Tudu dokar Baba ta fi zafi. Ka san al'adarmu tun kakanni, shaho baƙo ne. Ana kama shi a kan dutse cikin watan Maris yana kan hanyarsa ta ƙetare teku, a horar da shi, a yi farautar salwa da shi, idan lokaci ya fita a mayar da shi inda aka kama shi, hannun da ya kama shi ya cire masa ƙararrawa ya sake shi. To a shekarun can mutane sun fara lalacewa, wasu suna sayar wa baƙi masu manyan motoci, wasu suna ɗaure tsuntsu a ɗaki har zafi ya kashe shi. Baba ya buga da manyan haruffa cewa duk wanda bai saki shahonsa ba, fuskarsa ba za ta fito a Tudu da Teku ba a wannan shekarar, ko shi wane ne. Ya buɗe shafin saki, inda ake buga hotunan waɗanda suka cika al'ada. Kai, ka ga yadda maza suka koma rububin hawa dutse. Mutum zai jure tarar hukuma, amma ba zai jure surukinsa ya buɗe shafi ya neme shi ya rasa ba. Wanda dokar ta fi yi wa ciwo shi ne Ammi Bashir, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, a shekarar da ya samu wata tsuntsuwa da ya kasa rabuwa da ita. Baba ya cire shi daga shafi ko gezau bai yi ba, suka yi Sallah biyu ba su sa hannu a kwano ɗaya ba. Garin nan bai manta da wannan ba, kai ma ka riƙe shi a ranka.

Bana da Maris ya kama, Baba ya ce zai hau dutse. Na ce Baba shekarunka fa, ya ce shekarunsa ba a wuyana suke ba. Ya hau da ƙafafunsa, yana hutawa yana ci gaba, ya zauna a bukkarsa ta ganye ya kafa raga, Allah kuwa Ya ba shi wata macen shaho mai faɗin ƙirji, ya sa mata suna Lalla. Ya ɗaura mata 'yar ƙararrawar tagullar nan ta kakanmu, wadda kakan ya damƙa wa Baba a shekarar da gwiwoyin kakan suka ƙi dutse, ba tare da ya ce masa uffan ba, don a gidanmu wanda aka ba ƙararrawa ya san shi ne zai hau a Maris mai zuwa. Lutfi, ban taɓa ganin tsuntsuwa irinta ba, kuma na ga da yawa. Idan salwa ta tashi daga cikin alkama Baba ya jefa Lalla, kafin ka juya kai ka ji ƙararrawa ta yi shiru a ƙasa, an gama. Tsoho ya koma yaro. Shi ke yanka mata nama da kansa, yana yi mata hira, wai ta fi mu jin magana ni da kai. Sai ga shi a tsakiyar Mayu ciwon zuciyar nan da na gaya maka ya kayar da shi a gona. Ranar da aka sallame shi likita ya faɗa a gabana da gabansa cewa shi da dutse yanzu sai dai kallo ta taga.

Lokacin farauta ya fita, maza suka yi ta hawa suna saki, ina bin su da kyamara. Na riga na shirya fitowar shekara hamsin, Rayis Hamda a bangon Teku da tsohuwar hularsa ta ulu, Baba a bangon Tudu da Lalla a hannu, wani kyakkyawan hoto da na ɗauka tun Afrilu. Kowa ya saki, amma Lalla tana nan ɗaure a kan sandarta a ƙarƙashin ɓauren tsakar gida. Yau Baba ya ce iska ba ta da kyau, gobe ya ce gashin fiffikenta ɗaya bai yi masa ba, jibi ya ce ba ta ci sosai ba. Na ce a ba Si Fathi ya kai ta, ya harare ni ya ce tun yaushe aka fara aiken saki. Na ce to a sake ta a nan gida, ya ce ita ba kaza ba ce. A gidan shayi magana ta fara yawo. Wasu masu shaho suka same ni a ofis suka ce haba Naziha, mutumin da ya kafa abin, ga ciwo, wa zai ce miki don me, ki buga kawai. Sai kuma ga Ammi Bashir. Ya dai shigo ya zauna, ya sha shayi, ya tambaye ni ko bangon ya kammala, ya yi murmushi ya fita. Wannan murmushin ya hana ni sakat. Ga Si Nuri mai maɗaba'a a Nabul yana ta kira, wai injinsa ba zai zauna jiran tsuntsu ba.

Ranar da na faɗa wa Baba bayan azahar ne, yana zaune kusa da Lalla yana kore mata ƙuda. Na durƙusa na ce Baba, idan Lalla ba ta tashi ba, ba zan buga hotonka ba, bangon Tudu zai fita fari da sunan mujalla kawai. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce lallai na girma, wato yau ni ce zan kore shi daga gidan da ya gina, ni da ya koya wa riƙe alƙalami ina zubar da majina. Na ce ba ni na kore shi ba, dokar da ya buga da manyan haruffa ce, har da "ko shi wane ne" a ciki, ban ƙara ko ɗigo ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri, wannan taurin kan na uwata ne sak. Na ce a'a, wannan kam nasa ne. Na miƙe zan tafi sai na ji muryarsa ta sauka. Bai dube ni ba, ɓauren yake kallo, ya ce shi ma ya san ba iska ba ce, ba gashin fiffike ba ne. Ya ce tun yana saurayi duk wadda ya saki, yana sakinta ne da sanin wata tana zuwa a Maris. Wannan idan ta tafi, me zai tashi ya yi da safe? Tausayinsa ya cika ni, na shiga kicin na yi kuka na ƙoshi, amma ban canza bangon ba.

Ka san tsarin aikinmu. Ko da yake ni ce edita tuntuni, ba abin da ke tafiya maɗaba'a sai Baba ya bi gwajin bugu shafi-shafi da jan alƙalaminsa, ya rubuta "a buga" a ƙarshe. Na kai masa da farin bangon a sama, ban ɓoye ba. Ya sa tabarau, ya ture bangon gefe, ya fara da ɓangaren Teku, abin da bai taɓa yi ba. Ya kama ni da kuskure a sunan wani jirgi, ya ce an cika gishiri a labarin wani mai fatsa. Ya daɗe a shafin saki yana duban samarin da suka buɗe hannuwa, yawancinsu shi ya koya wa iyayensu ɗaurin ƙararrawa. Duk wannan lokaci Lalla tana ta fizgar igiya tana kallon arewa, ƙararrawa tana ta kaɗawa, don jikinta ya gaya mata 'yan'uwanta sun wuce. Daga ƙarshe ya jawo farin bangon, ya shafa shi da tafin hannu, ya ce takardar mai kyau ce. Sannan ya rubuta "a buga" ya miƙo mini, ya ce da na sa hoton nan, da ya san bai haifi 'ya ba. Ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin zafi irin na ranar ba.

Da yamma na biya wa Rayis Hamda don in nuna masa nasa bangon, na gaya masa yadda ake ciki. Tsohon ya buga sanda a ƙasa ya ce shi ba zai fito a mujalla mai sanƙo a ƙeya ba, shekara hamsin suna manne da wancan mai taurin kan baya da baya, ba yau zai bar shi ba. Ya tambaye ni abin da ya hana sakin, na ce rabi ƙafa ce, rabi rai. Ya ce rai na Allah ne ba ruwansa, amma ƙafa kam akwai ta a tashar jirage har ta yi yawa. Washegari da safe ina shirin tafiya Nabul da gwajin, sai na ji hayaniya a ƙofar gida. Masunta ne, Lutfi, ƙarti majiya ƙarfi da suka dawo daga kamun sadin ko wanka ba su yi ba, sun ɗauko kujerar gidan shayi sun ɗaure ta tamau a kan sandunan tuƙin jirgi biyu da igiyar taru. Rayis ya leƙo tsakar gida ya kira Baba da sunansa, ya ce Belgasim fito, ga jirginka ya iso, in kuma tsoron teku ne ya bi ka har tudu ka faɗa mana mu koma. Baba ya ce shi ba buhun sadin ba ne da za a saɓa shi a kafaɗa, kuma warinsu kaɗai ya isa ya kashe masa tsuntsuwa. Rayis ya ce shi kullum safiya yana mayar wa teku ƙananan 'ya'yanta ba mai ɗaukar hoto ba mai kuka, amma wai tsuntsuwa ɗaya ta gagari sarkin doka. Baba ya dubi Lalla. Can ya ce in miƙo masa jar hularsa ta zuwa Juma'a.

Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, daga nan aka ɗora Baba a kan kujerar. Da ma kana nan ka gani. Mutanen da ba su taɓa taka dutsen nan ba, masu cewa hawansa aikin awaki ne, ga su suna nishi suna wannan waƙar da suke yi idan suna jan taru, Baba a sama da Lalla a hannu yana ba su umarni, wai a bi hagu, wai na bayan nan ɗan gidan wa ne da bai iya tafiya ba. Kafin mu kai rabi labari ya isa gidan shayi. Masu shaho suka biyo mu a guje suka ce su ya kamata su ɗauka, masunta suka ce ina kuke duk kwanakin nan, aka yi ta musu har aka koma karɓa-karɓa. Rayis a kan jaki ya hau, yana tafe yana zagin jakin. Na waiga sai na ga Ammi Bashir ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin sanda, da furfurarsa da komai, ba wanda ya iya hana shi.

A bakin bukkarsa aka sauke Baba. Teku ta buɗe a gabanmu, tsibirin Zambra yana can kwance, iska tana ta kaɗa riguna. Baba ya ba Lalla naman ƙarshe, ta ci ta goge baki a yatsansa. Ya kwance ƙararrawa daga jelarta, bai yarda a taimaka masa ba, ya sa ta a aljihu, ya yanke igiyar ƙafa. Ka san yadda ake yi, jefa ta ake yi sama kamar za a yi farauta. Shi bai jefa ba. Ya ɗaga hannu ya buɗe yatsu kawai, ya ce mata ta je, Allah Ya kiyaye hanya, ya yafe mata cizon da ta yi masa, ita ma ta yafe masa jinkiri. Ta ɗan tsaya a tafinsa tana duban mu, ta girgiza jiki, sai kawai muka ga babu ita. Ni da nake taƙama da kyamara, hawaye ya rufe mini ido, na danna a makare. Da na duba, ba tsuntsuwa, ba fuska, sai hannun Baba a buɗe da sama. Na ce shi ke nan, sai mu yi amfani da hoton Afrilu, yanzu ai ya halatta. Baba ya karɓi kyamarar ya daɗe yana kallo, ya ce a'a, wannan za a buga. Rayis ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce alhamdu lillahi, shekara hamsin yana jira, yau dai an samu hoton mafarauci da ya faɗi gaskiya, hannu ba komai. Baba ya yi dariyar da har sai da na ji tsoron zuciyarsa.

Mujalla ta fito, ta ƙare a kasuwa kafin in ajiye wa kaina, sai da Si Nuri ya sake bugawa. A gidan shayi an rataye hoton Baba da na Rayis a tsakiya, tsakanin teburan hagu da na dama. Ammi Bashir ya zo ya ci kuskus da mu ran Juma'a, ya ce wa Baba yanzu ya yafe masa waccan shekarar, Baba ya ce shi bai roƙa ba, amma ya tura masa kan kifin gabansa. Ba zan ɓoye maka ba, safiya tana yi wa Baba wuya. Nakan same shi a ƙarƙashin ɓaure yana kallon sandar da ba kowa a kai, sai in ji raina ya sosu. Amma idan ya shiga gidan shayi, hagu da dama miƙewa ake yi. Ina so yaranka su san kakansu mutum ne da ya sa hannu a kan hukuncin kansa, su san mujallar gidansu ba ta taɓa yi wa kowa alfarma ba, har wanda ya kafa ta.

Ka gaishe mini da Wasila, ka ce mata yajin da na yi mata alkawari yana nan tafe. Ka shafa mini kan Iyad da Sirin. Si Fathi da Ulfa suna gaisuwa, Ammi Bashir ma haka. Rayis Hamda ya ce a tambaye ka ko gaskiya ne a can sai an fasa ƙanƙara ake samun kifi, in gaskiya ne ka zo da kifin, don sai ya hau sikeli.

Yanzu kana iya kwance ƙullin. Ƙararrawar kakanmu ce. Da safen nan da na ce wa Baba zan rubuto maka, ya zaro ta daga aljihu ya ajiye a gabana. Na ce Baba me zan rubuta masa a kanta, ya ce kada in rubuta komai, shi ma ba a ce masa komai ba. Har ya kai ƙofa sai ya juyo, ya ce in dai gaya maka kujerar tana nan, masunta ba su kwance ta ba, kuma raga tana buƙatar gyara kafin Maris.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka da ba ta gajiya da yi maka faɗa,
Naziha